Yadda ake gyara mikro in abokan gem ba sa jin muryarka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan matsala ta mikro ta daɗe tana cin ran yaranmu a nan Garwa, kusan duk sati sai wani ya shigo sal ɗin gem, wato ɗakin buga gem, da nake zama da kwamfuta a jakar baya yace yaya dan Allah duba min, ina jin su sarai amma su ba sa ji na. Wani kuma ana jin sa ɗin amma kamar daga cikin rijiya yake magana, wani muryar tana tsinkewa, wani kuma ƙugi ne kawai ke fita ba magana. Kuma wallahi abun da ciwo, kana ganin abokin gaba yana zagayowa ta bayan ɗan'uwanka, kana ta kiran sunansa har jijiyar wuya ta tashi, shi ko bai san kana yi ba, a kashe shi, sannan a juyo kanka ana cewa kai ne ba ka magana.

Abun da nake so ka riƙe tun yanzu shine muryarka hanya take bi. Daga bakinka ta shiga mikro, daga mikro ta bi waya ta shiga ramin kwamfuta, daga nan Windows ya karɓa, ya miƙa wa gem ko Discord, manhajar hira da murya, su kuma su ɗora ta a kan rezo, wato intanet, har ta isa kunnen abokinka a Marwa ko Njamena. Aikinka kawai ka gano a wace tasha ta tsaya. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga farko, kar ka yi tsalle, kuma duk abun da ka taɓa ka gwada kafin ka taɓa wani, don in ka canza abu biyar lokaci guda ko ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba, gobe in ya dawo ka koma gidan jiya.

Dalilin da yasa nake nanata wannan, shekarun baya an taɓa goge min kwamfuta gaba ɗaya saboda mikro. Na kai wa wani mai gyara, ko kask ɗin, wato abun sawa a kunne mai haɗe da mikro, bai karɓa ya duba ba yace sai an yi formataj, na yarda, hotunan bikin yayata da takardun makarantar ƙanena duk suka tafi, na dawo gida na sa kask har yanzu shiru. Daga baya aka gano ɗan ƙarfen bakin wayar ne bai dace da ramin ba. Har yau in na tuna hotunan nan raina yana ɓaci. Don haka dan Allah kar ka bari a goge maka mashin kafin ka bi waɗannan matakan.

Fara da kask ɗin kansa

Cire shi daga kwamfuta ka sa a wayarka, buɗe WhatsApp ka naɗi murya zuwa ga kanka ko wani na kusa. Amma ga dabara: kana cikin naɗar, ka ɗan ƙwanƙwasa kan mikron kask ɗin da farce sau uku, sannan ka ƙwanƙwasa ƙasan wayar inda nata mikron yake. Da ka saurara za ka ji wanne ya fi ƙara. In na kask ɗin ne ya fi fitowa to lafiyarsa ƙalau, matsalar tana gaba. In na wayar ne kawai ya fito to ko kask ɗin ya mutu ko bakinsa bai dace ba. Mutane da yawa suna naɗar murya su ji ta fita su ce ai kask ɗina yana yi, alhali mikron wayar ne ya ɗauka.

Sai ka bi wayar kask ɗin da hannu daga sama har ƙasa, yawancinsu suna da ɗan akwati a tsakiya mai maɓallin kashe mikro, yana iya gogar riga ya kashe kansa ba ka sani ba. Wasu kuma sandar mikron ce in ka ɗaga ta sama ta kashe, sai ka sauke ta zuwa saitin baki. Wasu ana zare sandar gaba ɗaya, ka tabbata ta shiga har ƙarshe. A kan kibod ma akwai irin wannan maɓalli, misali ThinkPad na Lenovo da suka cika kasuwar okaziyon, F4 ne, in ɗan fitilarsa yana kunne to mikro a kashe yake.

Yanzu duba ƙarfen bakin wayar da kyau, kusa da ido. Ƙirga zoben baƙi ko fari da ke jikinsa. In zobe 2 ne, wannan bakin sauti kawai yake ɗauka ko mikro kawai, ba ya haɗa biyun. In zobe 3 ne shine mai haɗa ji da magana a baki ɗaya, irin na ekutar ɗin waya. Toh a nan mafi yawan mutane suke faɗuwa. Babbar kwamfuta ta tebur da tsofaffin na hannu ramuka biyu gare su, kore na ji, ruwan hoda na mikro. In ka ɗauki mai zobe 3 ka cusa a koren rami za ka ji gem lafiya lau amma muryarka ba inda za ta, don ramin ba shi da hanyar mikro ko kaɗan. Maganinsa 'yar waya mai rassa biyu, mace ɗaya maza biyu, wato rami ɗaya baki biyu, ka ce wa mai shago adaptatar na kask da mikro kake so, kuma ka duba da idonka akwai hoton mikro a reshe ɗaya hoton kask a ɗayan, don akwai wata mai kama da ita sak wadda ta raba wa mutum biyu sauti ce kawai, wannan ba za ta maka komai ba. In kuma akasin haka ne, kask ɗinka baki biyu gare shi kwamfutarka ta hannu rami ɗaya, sai ka nemi mai mata biyu namiji ɗaya mai zobe 3.

Akwai kuma ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Garwa ko Kusiri ya san yadda take shiga ko'ina, ramin 3.5 ɗin nan yana tara ƙura da zaren aljihu har bakin ya kasa shiga ƙarshe, ka ga kamar ya shiga amma saura ɗan kaɗan, kuma zoben mikro shine yake can gindin ƙarfen, shi ke fara rasa haɗuwa. Kashe mashin, ɗauki tsinken sakace na itace ka zaro dattin a hankali, ban da allura ko wani ƙarfe. Na taɓa zaro wa wani yaro dunƙulen ƙura kamar ƙwayar gero daga ramin, yana mayar da kask ya ji ɗan ƙas ɗin nan na shiga, shikenan aka gama.

In babbar kwamfuta ce ka gwada ramukan baya. Na gaba sau da yawa wayarsu ta ciki ba a haɗe take da uwar allon ba, musamman mashin da aka harhaɗa a kasuwa. In kask na USB ne canza rami, kuma ka sa shi kai tsaye a jikin mashin ba ta cikin waɗancan ƙananan masu ƙara ramuka ba.

Izinin Windows

In kask lafiya, rami lafiya, sai mu shiga ciki. Yawancin mashinanmu a nan da Faransanci suke zuwa, don haka sunayen da zan faɗa na Faransanci ne, in naka na Ingilishi ne wurin ɗaya ne sunan kawai ya bambanta.

Danna maɓallin Windows da harafin I tare. A Windows 10 ka shiga Confidentialité, a Windows 11 kuma Confidentialité et sécurité, a na Ingilishi Privacy, sai ka gangara ka nemi Microphone. Kunna na sama wanda ke ba da izinin mikro ga mashin ɗin baki ɗaya, kunna na biyu na manhajoji, sannan kar ka tsaya nan, ka gangara can ƙasa akwai wanda ke maganar applications de bureau. Wannan na ƙasan shine mai muhimmanci a gare mu saboda Steam, manhajar sauke gem, da Discord da Valorant da kusan duk gem ɗin da muke bugawa a ƙarƙashinsa suke. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018 wannan izini ya fara shafar irin waɗannan manhajoji, kuma masu saka Windows a kasuwa da yawa suna kashe komai lokacin sakawa don su gama da wuri, mai mashin bai sani ba. In kana da antibirus na daban shi ma leƙa cikinsa, wasu suna da nasu kariyar kamara da mikro da ke toshe gem ba tare da sun faɗa maka ba.

Inda ainihin aikin yake

Danna Windows da R, ƙaramin akwati zai fito, rubuta mmsys.cpl ka danna Entrée. Wannan tsohon allon sauti ne kuma ni na fi yarda da shi a kan sabon. Shiga shafi na biyu, Enregistrement, a Ingilishi Recording. Za ka ga jerin duk abun da mashin ke ɗauka a matsayin mikro, kowanne da 'yar sanda a gefensa. Yi magana ka kalli wacce ke hawa da kore. Sake ƙwanƙwasa kan mikron kask da farce, wadda ta yi tsalle ita ce taka.

In ba ka ga mikronka a jerin ba, danna dama a fili cikin akwatin ka sa alama a Afficher les périphériques désactivés da kuma na déconnectés, in ya fito a dushe ka danna dama a kansa ka zaɓi Activer.

Toh ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Windows yana da zaɓaɓɓen mikro iri biyu, akwai périphérique par défaut akwai kuma périphérique de communication par défaut, na farko alamar kore mai tik, na biyu alamar kan tarho. Wani gem na farko yake ɗauka, wani na biyu. Shi yasa za ka ga mutum a Discord ana jin sa amma a cikin gem shiru, ko akasin haka. Danna dama a kan mikronka ka ba shi duka biyun. Sauran da ba ka amfani da su, na kamara, na jikin mashin, da wani da ake kira Mixage stéréo, ka kashe su kawai. Shi Mixage stéréo ɗin in ya zama zaɓaɓɓe abokanka ƙarar bindigar gem ɗinka da waƙar da kake ji za su dinga ji maimakon muryarka.

Masu buga ƙwallo da manet, wato abun riƙewa a hannu na buga gem, ku saurara nan. Manet ɗin PS5 da sabon samfurin na PS4 in ka haɗa su da waya Windows yana ganin su a matsayin na'urar sauti, zai rubuta Wireless Controller, kuma sau da yawa sai ya mayar da komai can. A sal ɗinmu wannan kaɗai ya fi komai yawan faruwa: yaro ya gama ƙwallo ya bar manet a haɗe, na bayansa ya zo zai buga na harbi, ba ji ba magana. Ka kashe shi a Enregistrement ka kashe shi a Lecture, shafin farko na wannan allon, manet ɗin zai ci gaba da aikinsa na wasa ba abun da zai same shi.

Yanzu danna sau biyu a kan mikronka. A shafin Niveaux ka tabbata ɗan hoton lasifikar da ke gefe ba shi da jan alama, ka kai ƙarfin wajen 80 zuwa 90. A ƙasa in akwai Ampli microphone ka fara da +10 dB, in bai isa ba +20. Ni ban cika son +30 ba gaskiya, don ba muryarka kaɗai yake ɗagawa ba, har fanka da kukan akuya da babur ɗin da ke wucewa a layi duk sai ya kwaso. Gara ka matso da mikron kusa da gefen baki, kamar faɗin yatsu biyu, ba saitin hanci ba kar a dinga jin numfashinka.

Don ka ji yadda ake jin ka, shiga shafin Écouter ka sa alama a Écouter ce périphérique ka danna Appliquer, za ka ji kanka a kunne. Ka gyara har ya maka daɗi, sannan ka cire alamar, kar ka manta, in ba haka ba za ka yini kana jin amsa-kuwwar kanka kana zargin gem.

Shafin ƙarshe, Statistiques avancées, abu biyu ne. Zaɓi 48000 Hz in yana cikin jerin, shi yawancin manhajojin murya ke aiki da shi. Sannan ka cire alama daga wurin da ke ba manhaja izinin riƙe mikro ita kaɗai, wato mode exclusif, saboda in wata manhaja ta riga ta kama shi ta wannan hanya gem ba zai samu ba. Kafin ka rufe allon gaba ɗaya leƙa shafin Communications ka zaɓi Ne rien faire. Asalinsa Windows yana rage sauran sauti da kashi 80 cikin 100 in ya ga kamar kana kira, shine dalilin da za ka ga da an fara magana takun abokin gaba ya ɓace maka.

In duk ka yi wannan sandar kore ba ta motsi sam, to sai a duba direban sauti, wanda Faransanci ke kira pilote. Windows da R, rubuta devmgmt.msc, buɗe Contrôleurs audio, vidéo et jeu. In akwai alamar rawaya a kan Realtek ko wani, danna dama ka cire shi ka sake kunna mashin, Windows zai mayar da kansa. In bai yi ba ka je shafin kamfanin da ya ƙera mashin ɗin, HP ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar samfurinka ka sauke nasu. Ka guji manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya. A wasu mashina kuma da ka cusa kask ƙaramin allo na fitowa yana tambayar me ka saka, in ka zaɓi casque kawai ba mikro, sai ka zaɓi wanda ya haɗa da micro, in ka taɓa rufe tambayar ka nemo ta a Realtek Audio Console.

Cikin gem ɗin

Sai yanzu muka iso gem, kuma ka lura duk abun da muka wuce ba laifinsa a ciki. Doka ta farko: haɗa kask kafin ka buɗe gem. Da yawansu lokacin tashi kawai suke duba mikro, in ka saka daga baya ba za su gan shi ba sai ka rufe ka sake buɗewa.

Shiga saitin sauti na gem ɗin, ɓangaren hira da murya, inda aka rubuta périphérique d'entrée ka zaɓi mikronka da sunansa, kar ka bar shi a par défaut. Sannan ka duba wane tsari yake kai, ko sai ka danna maɓalli ake jin ka ko kuwa a buɗe yake kullum. Akwai waɗanda suka zo min da kuka alhali maɓallin ne kawai ba su sani ba. A Valorant harafin V ne na ƙungiya, U na waɗanda kuka shigo tare, a GTA Online kuma N. Ka tuna kibod ɗinmu yawanci AZERTY ne, in mashin yana ganin sa a matsayin QWERTY wasu haruffa suna canza wuri, A da Q, Z da W, da M, don haka ni shawarata ka goge maɓallin da ke wurin ka danna wanda kake so da hannunka, in linzaminka yana da maɓallin gefe shi ya fi sauƙi don babban yatsa yana kansa dama.

A Steam akwai wurin gwaji a cikin Paramètres ɓangaren Voix, a Discord kuma Voix et vidéo, ka danna gwajin ka yi magana ka ji kanka. A Discord in farkon maganarka yana yankewa, kace "ga shi nan a dama" su ji "a dama" kawai, to ma'aunin jin murya ne ya yi sama, kashe na otomatik ka ja shi hagu har sandar ta dinga wuce layi duk lokacin da ka yi magana a hankali. Kunna Krisp, mai tace hayaniya na cikin Discord, in ɗakin da hayaniya, yana ƙoƙari sosai wajen cire ƙarar fanka, ko da yake a tsohon mashin yana ɗan ƙara masa nauyi. In komai ya cakuɗe akwai maɓalli a cikin Voix et vidéo ɗin mai mayar da saitin murya yadda ya zo. Wani abu kuma, in ka buɗe gem en tant qu'administrateur amma Discord ba haka ba, maɓallin magana ba zai yi aiki ba muddin kana cikin gem, sai ka buɗe Discord ɗin ma haka. Kuma ku zaɓi ɗaya, ko hirar cikin gem ko Discord, in kun bar biyun a buɗe kowa zai ji kowa sau biyu.

Masu buga Free Fire ko PUBG Mobile a kwamfuta ta GameLoop ko BlueStacks, ku kuna da ƙofa ɗaya ƙari, don akwai Android a cikin mashin ɗin kuma shi ma sai ya ba gem izinin mikro. Shiga saitinsa, manhajoji, sunan gem, izini, ka kunna. Cikin wasan kuma hoton lasifika daban hoton mikro daban, kowanne sai ka kunna shi.

Ni dai ina roƙon duk mai bugawa a cikin gida ya yi amfani da maɓallin dannawa. Mikro a buɗe yana kwasar duk abun da ake faɗa a tsakar gida, muryar mama, muryar ƙannenka mata, maganar da ba ta shafi kowa ba, ya kai wa mutanen da ba ka taɓa gani ba a wata ƙasa. Na taɓa zama cikin wasa muna jin wani gida ana maganar bashi daga farko har ƙarshe, yaron bai sani ba, sai da na kira shi a waya nace ƙanena kashe mikro. A sal ma haka, in mutum biyu na ƙungiya ɗaya suna zaune kusa da juna kowa mikro a buɗe, muryar wannan tana shiga na wancan, amsa-kuwwa ta cika wasan.

Wani lokacin kuma asusun ne. A Fortnite asusun yaron da bai kai shekara 13 ba hirar murya a rufe take sai mahaifi ya amince ta imel, wannan a kai wa babba ya duba, ba abun zagayewa ba ne. A Valorant in an yi ta kai ƙararka kan zagi suna iya rufe maka baki na wani lokaci, ba saitin da zai buɗe sai lokacin ya cika. Kuma in mutum ɗaya ne kawai ba ya jin ka sauran suna ji, ka ce ya duba ko shi ya kashe ka a wajensa.

Ƙugi, kuran da Bluetooth

In ana jin ka amma da wani zuuu a ƙasan muryar, yi wannan gwajin: zare sharjar mashin daga bango ka bar shi a kan batir. In ƙugin ya ɗauke to daga kuran yake, wato wutar lantarki. Wutarmu 220 ce mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gidaje da yawa soket ɗinsu ba wayar ƙasa, ga sharja na gwanjo, in an koma kan gurup, wato janareta, ma abun ya ƙaru. Ka raba wayar kask da wayar sharja kar su kwanta tare, ka rage Ampli ɗin nan, ka gwada wani soket ko wata sharja ta asali. In ya ƙi, nemi ɗan katin sauti na USB, ƙarami ne kamar kile, wato filash, da rami kore da ruwan hoda a jikinsa, kuɗinsa bai kai na sabon kask ba kuma sau da yawa yana rage ƙugin sosai. Shi ne kuma mafita in ramin mashin ɗin ya lalace gaba ɗaya, ba sai an buɗe mashin an taɓa uwar allo ba. Da ka saka shi ka koma mmsys.cpl ka ba shi zaɓin nan guda biyu.

Bluetooth kuwa ban ba ka shawara ba don gem. Da zarar mikronsa ya buɗe sai ya sauka zuwa tsarin kiran waya, sautin gem ya koma kamar na tsohuwar rediyo, ga jinkiri. In shi kaɗai gare ka, ka ji da shi amma ka zaɓi mikron jikin mashin don magana.

Rezo

In gwaji ya nuna muryarka tana fita tsaf a Steam ko Discord amma abokai suna jin ta a tsinke kamar ta mutum-mutumi, to ka bar mikro ya huta, rezo ne. Murya ba ta cin data da yawa, ɗakin Discord na yau da kullum 64 kbps ne, wajen mega 29 a awa in ana magana ba tsayawa, abun da take so shine layi mai tsayuwa ba mai hawa da sauka ba. Yawancinmu da wayar hannu muke raba koneksiyon, ko Orange ko MTN a nan, ko Airtel da Moov a wajen 'yan'uwanmu na Chadi, to ka haɗa wayar da kebul na USB maimakon Wi-Fi, ka ajiye ta kusa da taga inda take kama 4G sosai, ban da cikin rana don a zafin Maris da Afrilu waya tana zafi ta rage gudu da kanta. Ka cire sauran mutanen da ke kan koneksiyon ɗin, ka tsayar da duk abun da Steam ko Windows ke saukewa a ɓoye. In kana da VPN a kunne kashe shi ka gwada, shi ke yawan jawo Discord ya maƙale a RTC Connecting ko ya rubuta No Route.

Duba Pare-feu Windows ma, wurin da ake ba manhaja izinin wucewa, ka nemi sunan gem ɗin da Discord ka sa alama a Privé da Public duka, saboda koneksiyon ɗin waya sau da yawa a Public Windows ke ajiye shi.

Sai agogo. Kalli ƙasan allo ta dama, in kwanan wata ya koma wata shekara can baya to ƙaramin batirin cikin mashin ne ya mutu, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032 a yawancin manyan mashina, kuma da agogo ba daidai ba sabobin murya suna iya ƙin karɓar ka ko da gem ɗin ya buɗe. Gyara kwanan wata, ka sa yankin lokaci a UTC+01:00 Afrique centrale - Ouest, shine namu da Chadi duka, ka danna daidaitawa. In duk sanda aka ɗauke kuran agogon ya sake komawa baya to ka sayi batirin a wajen masu gyaran agogo ko masu kayan kwamfuta, ka kashe mashin ka zare shi daga bango kafin ka buɗe, ka lura gefen da ke da alamar + shi ke kallon sama.